Waɗanda Sida Ta Ƙwanƙwasa Wa Ƙofa Ba Ta Shiga Ba

Shekarun baya an yi wani saki a unguwarmu wanda har yau in na tuna shi sai raina ya sosu. Matar ta je awon ciki, aka ɗebi jininta, aka ce tana ɗauke da ƙwayar cutar Sida, wadda 'yan'uwanmu na Najeriya suka fi kira ƙanjamau. Aka kira mijin aka gwada shi har sau biyu, ba a ga komai ba. Aurenta na biyu ne, shekararsu shida tare, ga 'ya'ya biyu a tsakani. Kafin mako ya zagayo dangin miji sun yanke hukunci: da tun farko ta zo da ita, ai da tuni ta shafa masa, tunda kuwa shi lafiyarsa lau, to kwanan nan ta kwaso, kuma a waje. Babu wanda ya tsaya ya tambayi likita ko lissafin nan ya hau. Aka ba ta takardarta.

Lissafin bai hau ba. A binciken da aka yi ta yi a gabashi da kudancin Afirka, kusan rabin masu ɗauke da ƙwayar da ke zaman aure, abokan zamansu ba su da ita, wasu kuma an daɗe ana tare. Me ya sa wani ke kamuwa a haɗuwa guda, wani kuma ya shekara goma a bakin wuta bai ƙone ba? Tambayar nan kusan sa'ar cutar ce, kuma tana da tarihinta.

A ranar 5 ga Yunin 1981 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar da wani ɗan rahoto kan samari biyar a Los Angeles waɗanda wani irin ciwon huhu ya kwantar, irin wanda ba ya kama mai cikakkiyar garkuwar jiki. A 1983 Françoise Barré-Sinoussi da Luc Montagnier na cibiyar Pasteur da ke Paris suka tsamo ƙwayar da ke haddasa abin. Shekara guda bayan haka aka gano inda take dafawa. A cikin jinin mutum akwai fararen ƙwayoyi masu tsaron jiki, waɗanda daga nan zan riƙa kira sojoji. Wasu aikinsu kisa, wasu ba da umarni. Masu ba da umarnin suna da wani abu a fatarsu da ake kira CD4, shi ne HIV ke kamawa ta maƙale. Ita ba ta iya hayayyafa da kanta, dole sai ta kutsa cikin sojan, ta rubuta kanta a cikin littafin gadonsa, ta mai da shi masaƙar 'ya'yanta. Tunda kowane ɗan Adam na da CD4, sai aka ɗauka kowa a gabanta daidai yake.

Sai dai a 1986 wani gwaji ya ɗaure wa masana kai. An ɗauki CD4 na mutum aka dasa a jikin ƙwayoyin ɓera, aka zuba musu HIV. Ta maƙale sarai, amma ta kasa shiga. Ashe CD4 zaure ne kawai. Baƙo ya shigo zaure ya yi sallama, amma akwai wata ƙofa ta biyu ta shiga cikin gida, wadda ƙwayoyin mutum ke da ita, ƙwayoyin ɓeran da aka gwada kuwa ba su da irin wadda za ta buɗe mata. Shekara goma cur ana neman wannan ƙofa.

Ana cikin neman ne wani mai zane a birnin New York, Stephen Crohn, yake ta fama da tasa tambayar. Abokin zamansa Jerry Green ya fara ciwo tun 1978, ya rasu a 1982, tun cutar ba ta da suna. Crohn ya yi jinyarsa, ya ga abokansa suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, ya zauna jiran nasa lokacin. Duk gwajin da aka yi masa sai ya fito babu komai. Ya yi ta gaya wa likitoci cewa akwai wani abu a jikinsa, su duba, ba su kula ba. Sai wajen tsakiyar shekarun 1990 wani matashin masani, Bill Paxton, na cibiyar Aaron Diamond, ya tara mutum 25 waɗanda suka sha cuɗanya da masu cutar ba su kamu ba, ya ɗebi jininsu ya zuba wa sojojinsu HIV a kwalbar gwaji. Na mutum biyu suka ƙi kamuwa. Ya ƙara yawan ƙwayar, ya sake ƙarawa, har ta ninka abin da jiki kan haɗu da shi sau dubbai. Shiru. Ɗaya daga cikin biyun Crohn ne.

Daga nan abubuwa suka zo a guje. A Disambar 1995 ayarin Robert Gallo ya nuna cewa wasu sinadarai uku da sojojin jiki ke aika wa juna saƙo da su suna hana HIV shiga. A Mayun 1996 Edward Berger ya gano wata ƙofa da yanzu ake kira CXCR4. A watan Yuni kuwa, cikin 'yan kwanaki, ayari biyar daban-daban suka ba da sanarwar gano babbar ƙofar, CCR5, wadda ita ce mazaunin sinadaran nan uku, kuma ta nan ne kusan duk sabon kamu ke bi. Kafin Agusta ya fita, Nathaniel Landau a New York da Marc Parmentier a Brussels sun warware sirrin Crohn. A rubutun gadon da ke gina ƙofar CCR5, haruffa 32 sun ɓace. Ƙofar sai ta fito guntuwa, ba ta ma isowa fatar sojan. HIV ta shigo zaure ta tarar da bango. Aka sa wa wannan giɓi suna Delta 32. Wani hanin ga Allah baiwa ne: nakasa ce a rubuce, amma ita ta tsare shi.

Mu da muka san sikila ba za mu sha wahalar gane yadda ake gadon abin ba. Kowa yana karɓar kwafi biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, kamar yadda muke cewa wane AA ne, wance AS, wane SS. Wanda ya gaji Delta 32 ta ɓangare biyu, kamar Crohn, ba shi da ƙofar sam. Wanda ya gaje ta ta ɓangare guda yana da ƙofofin amma ba su da yawa. Yana kamuwa, sai dai ciwon kan yi jinkirin kwantar da shi da kamar shekara biyu zuwa uku, kamar yadda ayarin Stephen O'Brien ya nuna a wannan shekara ta 1996. Ko mai kwafi biyun ma bai tsira ɗari bisa ɗari ba. Tun 1997 aka fara samun ɗaiɗaikun irinsu da suka kamu, domin akwai jinsin HIV da ke zagayawa ta ƙofar baya, wato CXCR4.

Da aka baza taswira sai wani abin mamaki ya fito. Delta 32 kayan Turawa ce. A cikin Turawa kusan mutum ɗaya cikin ɗari ke da kwafi biyu. Ta fi yawa a arewa, wajen Finlan da ƙasashen da ke gaɓar tekun Baltik, tana raguwa in an gangaro kudu wajen Italiya da Girka. A Afirka kudu da Sahara, da gabashin Asiya, da cikin 'yan asalin Amurka, kusan babu ita.

Me ya yawaita ta a Turai tun babu HIV a duniya? A nan masana suka yi ta kokawa, kuma kokawar tana da daɗin bi. A 1998 aka ƙiyasta shekarunta da kamar 700, sai aka ce to ai ga amsa: annobar Baƙar Mutuwa, wadda ta share wajen sulusin mutanen Turai daga 1347 zuwa 1351, ita ce ta kashe marasa ita ta bar masu ita. Labarin ya yi armashi, har finafinan talabijin aka yi a kansa. Amma a 2003 wasu suka lissafa suka ce agana ta fi dacewa, tunda ta fi daɗewa tana kisa, kuma yara take ci. A 2004 aka sa wa ɓerayen da ba su da CCR5 ƙwayar annobar, suka mutu kamar sauran. A 2005 kuma aka tono ƙasusuwa a kogon Lichtenstein na Jamus, na mutanen da suka rayu kusan shekara 2,900 da suka wuce, aka samu Delta 32 a jikinsu. Zancen Baƙar Mutuwa ya rushe, ko da yake har gobe za ka ci karo da shi a intanet ana ba da shi kamar karatun allo. Bincike na baya-bayan nan, wanda masanan Kopenhegen suka fitar a 2025 bayan duba ƙasusuwan mutanen da, ya kai asalinta ga mutum guda da ya rayu a yankin Bahar Aswad tsakanin shekara 6,700 zuwa 9,000 da suka shuɗe. Rashin ƙofar kuma ba kyauta ba ne. Masu kwafi biyu sun fi jin jiki idan zazzaɓin Yammacin Nilu, wanda sauro ke yaɗawa, ya kama su.

Amfanin wannan ilimi bai tsaya a takarda ba. A 2007 aka amince da maganin maraviroc, wanda aikinsa toshe ƙofar CCR5. A wannan shekara ce kuma wani likitan jini a asibitin Charité na Berlin, Gero Hütter, ya yi abin da ya shiga tarihi. Majinyacinsa Timothy Ray Brown, Ba'amurke, yana ɗauke da HIV tun 1995, ga kuma sankarar jini ta same shi, sai an yi masa dashen ɓargo. Hütter, wanda ba ma likitan Sida ba ne, ya tuna abin da ya karanta yana ɗalibi, ya ce tunda za a sauya masa sojojin jini gaba ɗaya, me zai hana a nemo masu bango a maimakon ƙofa? Aka yi ta gwada waɗanda ɓargonsu ya dace da nasa, sai a kan mutum na 61 aka dace. Aka yi dashen a Fabrairun 2007, Brown ya ajiye maganin HIV a ranar, kuma ƙwayar ba ta sake dawowa ba har ya rasu a Satumbar 2020, sankarar ce ta dawo ta tafi da shi. A 2019 aka ba da labarin na biyu a Landan, Adam Castillejo, daga baya wasu 'yan ƙalilan suka biyo. Kada mai karatu ya ɗauka magani ne na kowa. Dashen ɓargo kansa yana kisa, Brown ma da ƙyar ya sha, ba a yin sa sai ga wanda sankara ta riga ta sa a gaba. Shi kuwa He Jiankui na ƙasar Sin, wanda a Nuwambar 2018 ya ba da sanarwar cewa ya taɓa rubutun CCR5 na wasu tagwaye tun suna ɗan tayi, ya ƙare da ɗaurin shekara uku, kuma a ganina ya cancanta: ya yi caca da rayuwar yaran da ba sa cikin wani haɗarin da ba a iya kare su daga gare shi ta hanya mai sauƙi.

Crohn ya rasu a 2013 yana da shekara 66, shi ya ɗauki ransa da kansa. Cutar ba ta taɓa jikinsa ba, amma ta kwashe masa mutanensa.

To duk wannan labarin Turai ne da Amurka. Kusan kashi biyu cikin uku na mutum miliyan 40 da ke ɗauke da HIV a yau suna Afirka kudu da Sahara, inda Delta 32 ba ta zo ba. Mijin matar unguwarmu ba shi da ita, ni da kai ma haka. Tamu amsar sai an je Nairobi.

A unguwar Majengo, cikin yankin Pumwani na Nairobi, masanan Jami'ar Nairobi da na Jami'ar Manitoba ta Kanada sun buɗe wani ƙaramin asibiti domin mata masu zaman kansu, da niyyar nazarin ciwon sanyi da gyambon al'aura. Cikin jagororin akwai Elizabeth Ngugi, ma'aikaciyar jinya 'yar Kenya wadda matan suka yarda da ita, da Frank Plummer ɗan Kanada. Da gwajin HIV ya samu sai suka koma kan jinin da suka adana. A 1981 kashi 4 cikin ɗari na matan ke da ƙwayar. A 1985 sun kai kashi 61. Wuta ce a busasshiyar ciyawa. Matan nan talakawa ne tuburan, kowacce tana ganin maza da yawa a yini, kwaroron roba kuwa ba kullum ba. A lissafi, duk wadda ta daɗe a sana'ar ba ta da mafita.

Amma Plummer ya lura da wasu fuskoki da ke dawowa shekara bayan shekara, gwajinsu na fitowa fes. A 1996, shekarar da aka gano Delta 32, suka buga sakamakon: cikin mata 424 da suka shigo ba su da ƙwayar tsakanin 1985 da 1994, 239 sun kamu, amma 43 sun haura shekara uku, wasu sun doshi goma, ba su kamu ba. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, mace tana ƙara daɗewa a cikin haɗarin, yiwuwar kamuwarta tana raguwa. Sa'a ba ta yin haka. An duba ko sun fi sauran amfani da roba, ko sun fi su ƙarancin maza, ba a ga bambanci ba. An duba CCR5, ƙofarsu lafiya lau. An zuba wa sojojinsu HIV a kwalba, suka kamu kamar na kowa. Ke nan abin da ke kare su ba irin na Crohn ba ne. An kuma lura abin yana bin dangi, ya da ƙanwa, uwa da 'ya.

Amsar farko da aka kama ta fito ne daga nan yammacin Afirka. A 1995 Sarah Rowland-Jones ta Jami'ar Oxford ta ba da rahoton wasu mata a Gambiya da ba su da HIV, amma a jininsu akwai sojojin kisa da suka san ta, suna far wa duk abin da ke ɗauke da alamarta. Soja ba ya sanin abokin gaban da bai taɓa gani ba. Ke nan ƙwayar ta taɓa shigowa, an yi artabu, an kore ta. Aka samu irin wannan a matan Majengo. Murna ta kama kowa: in dai jiki na iya koyon wannan da kansa, ai allurar rigakafi za ta iya koya masa. Oxford da Nairobi suka haɗa wata allura a kan wannan tunani, har sai da aka yi 'yar hatsaniya kan sunayen da aka sa a takardar mallaka, domin da farko ba a sa na 'yan Kenya ba. Aka fara gwada ta a Nairobi a 2001. Zuwa 2004 murna ta koma ciki, allurar ba ta tayar da sojojin yadda ake fata ba.

Kafin nan ma wani labari mai sanyaya jiki ya riga ya fito. A 2001 Rupert Kaul da abokan aikinsa suka bayyana cewa cikin mata 114 da aka yi wa shaidar ba sa kamuwa, 11 sun kamu. Da aka bi diddigi sai aka ga yawancinsu sun ɗan bar sana'ar ne, wata ta tafi ƙauye, wata ta huta na 'yan watanni, da suka dawo sai cutar ta kama su. Kariyar ashe ba gado ba ce da ake ajiyewa a akwati. Aro ce, kuma mai ita na iya karɓewa ba sallama. Wannan shi ne abin da nake so duk mai bugun ƙirji yana cewa jininsa mai ƙarfi ne ya ji da kyau.

Daga baya Keith Fowke da ayarinsa suka juya tambayar. Maimakon su nemi abin da sojojin matan nan ke yi fiye da na kowa, sai suka duba abin da ba sa yi. Suka tarar sojojinsu masu CD4 a kwance suke, ba su cika zabura ba, kuma a al'aurarsu babu yawan sinadaran da ke kiran sojoji su taru. HIV kuwa sojan da ya zabura take so, domin shi ne ke fito da ƙofofin CCR5 da yawa, shi ne kuma masaƙarsa ke aiki. Wanda ke kwance ko ta shige shi da wuya ta hayayyafa. A kwanakin farko na kamuwa ƙwayar 'yar kaɗan ce, sau da yawa ma guda ɗaya tak ce ke kafa zuriyar da za ta mamaye jiki. In ba ta samu sojoji a kusa ba sai ta mutu a bakin ƙofa. Abin da muka saba ji shi ne garkuwa mai zafi ita ce lafiya. A nan mai sanyin ce ta tsira. Har an gwada ba wasu mata a Nairobi ƙaramin asfirin kullum, aka ga irin sojojin da HIV ke nema sun ragu a al'aurarsu, amma wannan gwajin farko ne, ba a nuna yana hana kamuwa ba, kada wani ya ruga kemis.

Da wannan fahimta abubuwa da dama suka faɗa wurinsu. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ciwon sanyi, da tunjere, da duk wani gyambo ko kumburi a al'aura, suna tsaga fata, suna kuma tara sojojin da suka zabura a daidai inda ƙwayar ke sauka. A Afirka ta Kudu an nuna cewa matan da ke da irin wannan kumburin sun fi saurin kamuwa nesa ba kusa ba. Haka zancen kaciya. Fatar da ake yankewa tana da laushi daga ciki, cike take da irin ƙwayoyin da HIV ke nema. Gwaje-gwaje uku, a Orange Farm ta Afirka ta Kudu a 2005, da Kisumu ta Kenya da Rakai ta Yuganda jim kaɗan bayan haka, sun nuna kaciya na rage wa namiji haɗarin kamuwa daga mace da kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari. Tana cikin dalilan da ake kawowa na cewa a Nijar masu ɗauke da ƙwayar ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari na manya ba, alhali a Eswatini sun kai kusan ɗaya cikin huɗu. Ragi ne dai, ba toshewa ba. Asibitocinmu cike suke da masu kaciya da ke karɓar magani.

Akwai kuma wani rukunin na daban: waɗanda suka kamu, amma jikinsu ya danne ƙwayar ba tare da magani ba, har na'ura ta kasa ganinta a jini. Ba su kai ɗaya cikin ɗari na masu cutar ba. Sirrin da yawansu yana cikin wani abu da ake kira HLA. Duk sojan da ƙwaya ta shiga yakan ɗauki gutsattsarinta ya ɗora a kan wani faranti a fatarsa, kamar mai talla, domin sojojin kisa su gani su hallaka shi tare da abin da ke cikinsa. Farantin kowa da irin ƙirarsa, gado ne. Wani farantin yana ɗaukar gutsuren da HIV ke iya sauya wa kama gobe ta ɓace. Wani kuwa, irin su B57 da B27, yana ɗaukar gutsuren da in ta sauya shi ta gurgunta kanta. Binciken da Bruce Walker na Boston ya jagoranta a 2010, kan irin waɗannan mutane kusan dubu, ya nuna bambancin ya rataya ne a kan 'yan wurare ƙalilan a cikin kwarmin farantin. A Durban an ga wani reshe na B57 da wasu 'yan'uwansa suna yin wannan aiki a jikin 'yan Afirka. Ban da wannan, a cikin sojan kansa akwai masu gadi da aka gano ɗaya bayan ɗaya daga 2002 zuwa 2011, irin su APOBEC3G da TRIM5 da tetherin, waɗanda ƙarfinsu ya ɗan bambanta daga mutum zuwa mutum, ko da yake HIV ta tanadi makamin karya yawancinsu.

Ba kowace sanarwa ce ta tabbata ba. A 2008 an yi ta yayata cewa wani gadon jini da kusan duk mutanen yammacin Afirka ke da shi, wato rashin alamar Duffy, wanda ke kare mu daga wani jinsin zazzaɓin cizon sauro, yana ƙara mana haɗarin kamuwa da HIV da kashi 40 cikin ɗari. Jaridu suka ɗauka. Shekara na zagayowa wasu ayarin suka sake gwadawa ba su ga haka ba. Gyaran bai samu ko rabin kururuwar da kuskuren ya samu ba.

Mu koma ga mijin da bai kamu ba. Mafi yawan lokaci amsar ba ta ma jikinsa, tana jikin matar. A Rakai an bi ma'aurata 415 waɗanda ɗaya ke da ƙwayar ɗaya ba shi da ita, aka buga sakamakon a 2000. Cikin wata talatin mutum 90 suka kamu. Amma a gidajen da ƙwayar da ke jinin mai ɗauke da ita ba ta kai 1,500 a kowace mililita ba, ko mutum ɗaya bai kamu ba. Haka cikin maza 50 masu kaciya da matansu ke da ita, babu wanda ya kamu a tsawon binciken. A tsakanin mace da namiji, in babu gyambo kuma ba a farkon kamu ko ƙarshen ciwo ake ba, yiwuwar ɗauka a saduwa guda tana wajen ɗaya cikin dubu. Mace mai farantin HLA na kirki, mai ƙwaya kaɗan a jini, da miji mai kaciya marar ciwon sanyi, suna iya shekara shida har fiye bai ɗauka ba, alhali ta shigo gidan da ita tun daga auren fari, ko daga wani ƙarin jini da aka yi mata. A 2011 wani babban gwaji kan ma'aurata 1,763 ya nuna cewa in mai ɗauke da ƙwayar ya fara shan magani da wuri, haɗarin shafa wa abokin zama na raguwa da kashi 96 cikin ɗari. Wato abin da Allah ya ba 'yan ƙalilan a jininsu, yanzu ƙwayar magani guda a yini tana ba kowa. Auren unguwarmu bai kamata ya mutu ba.

Abin da ya rage mini a rai shi ne yadda aka daɗe ana haƙa a gonar da ba ita ta fi buƙata ba. Yawancin manyan binciken gado an yi su ne a kan Turawa, alhali 'yan Afirka sun fi kowa bambancin rubutun gado a tsakaninsu. Sai a Agustan 2023 Paul McLaren da Jacques Fellay da abokan aikinsu suka fitar da nazarin mutum 3,879 'yan asalin Afirka masu ɗauke da HIV. Nan take suka ci karo da abin da ba a taɓa gani a Turawa ba: wani sauyi kusa da ƙwayar gadon da ake kira CHD1L, wanda masu shi ke da ƙarancin HIV a jini, kuma ana samunsa a jikin kashi 4 zuwa 13 cikin ɗari na 'yan asalin Afirka. Da aka kashe wannan ƙwayar gado a wasu sojojin jini a ɗakin gwaji, sai HIV ta ƙara hayayyafa a cikinsu. Shekara 27 ke tsakanin wannan da ranar da aka gano giɓin da ke jinin Stephen Crohn.